Buhu Huɗu a Ɗakin Firiza

Shugabar wannan taro kuma uwar ƙungiyarmu, Mama Christy Benjamin, Baba Fasto da Mama Fasto, Mai Unguwa da dattawan da suka rako shi, malamin gona, Malam Samuel, wanda bai taɓa gajiya da tambayoyinmu ba, Alhaji da Hajiya da suka bar rumfunansu a kasuwa suka zo, waɗanda su ne ke sayen abin da muka noma, 'yan kwamiti, iyayena mata, yayyena da ƙannena na Ƙungiyar Mata Manoman Rani ta Mahuta, da mazajenmu da suka zauna can baya kusa da ƙofa domin su sami hanyar sulalewa idan magana ta yi tsawo: salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu wannan rana lafiya. Ina godiya ga shugaba da ta ba ni dama in yi magana, alhali ni ba 'yar kwamiti ba ce, ban kuma taɓa tsayawa gaban jama'a ba sai in waƙa ake yi, ita ma a layin baya. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Dorcas Istifanus, amma Maman Rhoda aka fi kirana. Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a ƙofar gidana. Ina da shekara arba'in da tara na fara riƙe fensir, yau shekara uku ke nan, kuma wannan takarda da ke hannuna ni na rubuta ta, kwana tara ina rubutawa ina gogewa. Idan na yi tuntuɓe a karatu, ku yi haƙuri da ni. Idan muryata ta yi rawa, ku yi haƙuri da ita.

Magana ta huɗu a jerin abubuwan da za mu tattauna yau ita ce a karɓe gonar ƙungiya da ke Rido daga hannun 'yata Rhoda, domin dankalin Turawan da aka damƙa mata bara bai yi ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, jakar Rhoda a ɗaure take a bayan ƙofar ɗakinta. Idan aka karɓe gonar yau, ranar Laraba za ta hau mota zuwa Fatakwal, ta je tsaron shagon wata mata da ba mu san ta ba, ba mu san danginta ba, ba mu san cocin da take zuwa ba. Za ta tafi da takardar makarantar aikin gona a jaka, da sunan wadda ta kashe irin ƙungiya a goshi. Kafin ku ɗaga hannu, ina roƙo ku ji abin da zan faɗa. Ba zan roƙe ku ku ji tausayi ba. Zan gaya muku abin da ya faru da dankalin nan ne kawai, daga nan ku yanke abin da kuka ga ya dace.

Magana ta farko, a kan yadda muke ƙirge.

Yawancinmu a nan daga kan dutse muka fito: wata daga Bokkos, wata daga Mangu, wata daga Pankshin. Da dankali aka yaye mu. A ƙauyenmu ana tonon dankalin damina a watan Agusta, a ware iri, a baza shi a ƙasa cikin ɗakin ciyawa, a ja ƙofa. Bayan kamar wata uku sai idanunsa su buɗe, ya fito da tsiro gajere mai kauri, a ɗauka a kai fadama. Wata uku. Haka iyayenmu suka yi, haka muka gani, haka muka yi. Da muka sauko Kaduna muka taho da tukwanenmu, muka taho da harshenmu, muka taho da wannan ƙirge na wata uku, ba mu taɓa tambaya ko ya dace da inda muka zo ba.

To, jama'a, dankali ba shi da kalanda. Bai san Agusta ba, bai san Nuwamba ba. Idan an tono shi barci yake yi, amma da ransa, yana numfashi kamar ni da ku. Abin da yake ƙirgawa kuwa zafi ne. Zafin yau yana hawa kan na jiya, na gobe ya hau kan na yau, kuma babu abin da ke raguwa. Sanyin da zai zo jibi ba ya goge zafin da ya riga ya shiga. Kamar mai cika randa ne da moɗa. A ƙauye moɗar ƙarama ce, kullum rabi-rabi ake zubawa, sai randa ta daɗe ba ta cika ba. A nan Mahuta moɗar cike take. Idan ruwan ya kai wani wuri sai dankali ya farka, ya fito da tsiro ɗaya a ka. Idan ya ƙara hawa sai idanu uku ko huɗu su buɗe, wannan ne ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, lokacin da ya kamata ya shiga ƙasa. Idan aka bar shi randa ta cika ta tumbatsa, sai ya tsufa: jiki ya yamushe, tsiro ya yi yawa, sirara, masu rassa kamar gashi. Tsohon iri kuwa ko ka sa shi a ƙasa mai kyau, ko ka ba shi taki, ko ka ba shi ruwa safe da yamma, ba zai koma yaro ba.

Akwai yadda ake auna wannan moɗa, kuma ba shi da wuya, tunda ni ma na iya. Ka duba ma'aunin zafi da sassafe, ka duba da tsakar rana, ka haɗa biyun ka raba biyu, ka cire huɗu, domin ƙasa da huɗu dankali kusan ba ya motsi. Abin da ya rage shi ne abin da wannan rana ta zuba a randa. Malam Samuel yana nan, idan na yi kuskure ya gyara mini. Ya girgiza kai, ya ce ban yi ba. Na gode, Malam.

Magana ta biyu, a kan abin da hannuna ya yi.

Bara a ƙarshen Agusta aka kawo irin ƙungiya daga gida, buhu huɗu, aka sauke a gidanmu tunda Rhoda ce mai kula da shi. Ta zazzage buhunan, ta jera katako a barandar bayan gida inda rana ba ta bugawa amma akwai haske da iska, ta baza dankalin ɗaya kusa da ɗaya. Bayan mako biyu aka kira daga Makurdi cewa gwaggonta tana asibiti, babu mai jinya. Ranar da za ta tafi, tana riƙe da jaka ta ce mini, "Mama, don Allah kada ki taɓa su. Haske nake so su sha da iska. In kin ga sun yi kore, ki bar su, ba ci za a yi ba." Na ce, "Ke, kafin a haife ki nake ajiye iri. Je ki abinki."

Waɗanda suka san ni sun san halina. Ni ce uwar da idan ɗanta ya tafi unguwar Sabo sai ta kira shi sau uku kafin ya sauka daga keke. Ni ce mai komawa gida daga bakin titi don in sake taɓa kwaɗon ƙofa. Kwana uku da tafiyar Rhoda akuyar maƙwabta ta shigo ta ci guda biyar. Kwana biyar, na ga fatar dankalin ta fara kore. Rannan wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Rhoda, dukiyar mata arba'in ce kika baje a waje kamar shanyar kuɓewa?" Daga nan hankalina ya ƙi kwanciya. Na ce akuya, na ce ɓarawo, na ce ɓera, na ce bakin mutane. Na zauna na yi tunani, ina ne ya fi ko'ina sanyi a gidan nan? Sai zuciyata ta ce, ina kuwa in ba ɗakin da ake yin ƙanƙara ba?

Ƙaramin ɗaki ne, rufin kwano, babu taga, firiza biyu a ciki, in an ɗauke wuta mu tayar da janareta. Na kwashe dankalin na mayar cikin buhuna, na ɗaure baki, na jingina su a lungu tsakanin bayan firiza da bango, na lulluɓa musu leda saboda ɓera.

Baban Rhoda ya same ni ina jan buhu na ƙarshe. Ya ce, "Uwargida, ɗakin nan ko ni ba na iya tsayawa a ciki da riga."

Na ce, "Ɗakin da ke haifar ƙanƙara ne za ka ce da zafi?"

Ya ce, "Shekara goma sha takwas na yi kusa da tukunyar tururi ta masaƙa, na san zafi in na ji shi."

Na ce, "Masaƙar da aka rufe? Je ka ji da rediyonka."

Ya tafi ya ji da rediyonsa. Ga shi can baya yana dariya, yau ranarsa ce. Baban Rhoda, a gaban jama'a na faɗa, kai ne da gaskiya. Ni kullum murfin firiza nake buɗewa, sanyi ya bugi fuskata. Ban taɓa zagayawa na sa hannu a bayanta ba. Ashe duk zafin da take cirewa daga ruwa ta baya take fitar da shi, a kan buhunan ƙungiya.

A mako na huɗu na ɗaga ledar, sai na ga tsiro ya huda buhu ya fito, fari fat, dogo kamar taliya. Na ce Rhoda za ta dawo ta ce na ɓata mata kaya. Sai na yi abin da kowace mace a taron nan take yi wa dankalin miya: na zauna a kujera 'yar tsugune na bi su ɗaya bayan ɗaya na murje tsiron da babban yatsa, na mayar cikin buhu. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki suka sake fitowa, wannan karo sun fi yawa, sun fi sirantaka. Na sake murjewa. Ban sani ba cewa kowane tsiro da abincin da ke cikin uwar ake yin sa, kuma duk wanda na murje na zubar, ƙarfin iri ne na zubar. Da aka ce Rhoda tana hanya, bayan mako bakwai, na kwashe su na mayar kan katako, na jera su yadda ta bari, na share wurin.

Ta dawo, ko ruwa ba ta sha ba ta wuce baranda. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta matsa shi da yatsa, ta ɗauki wani. Ta daɗe a tsugune. Sannan ta ce, "Mama, an yi zafi sosai da ba na nan?"

Na ce, "Kaduna ce, yaushe ba a zafi?"

'Yan kwamiti za su tuna ta zo ta same ku ta ce a canza iri, wannan ya tsufa. Kuka tambaye ta me ya same shi, ta ce ya tsufa kawai. Kuka ce irin da bai cika wata uku da tonowa ba, ta yaya zai tsufa? Da ƙirgen ƙauye kuna da gaskiya. Ni kaɗai a duniya na san inda ya kwana, kuma ina zaune a gida ina ƙulla zoɓo.

Magana ta uku, a kan abin da muka gani a Rido.

Aka shuka a tsakiyar Nuwamba. Mako uku, rabin kunyoyin babu ko ganye. Waɗanda suka je ranar sun ga abin da Rhoda ta tono: uwar iri a yamushe, da 'yan ƙananan dankali kamar gurjiya manne a jikinta, ba kara, ba ganye. Ta tsufa har ba ta da ƙarfin fitowa sama, sai ta haihu a inda take. Waɗanda suka fito kuma suka fito da kara da yawa, sirara, suka yi saurin girma, suka yi saurin yin rawaya, suka bar mana 'ya'ya kamar ƙwan tantabara.

Sai muka ƙara kuskure a kan kuskure, wannan kuwa namu ne duka. A watan Janairu muka ce a sayo wani iri a cike guraben. Rhoda ta ce lokaci ya wuce. Muka ce ruwa yana nan, injin ban ruwa yana nan, me ya wuce? Ashe shukar ma a gona ƙirgen take ci gaba da yi. Zafi ne ke tura ta daga tsiro zuwa ganye, daga ganye zuwa fure. Amma wajen sa 'ya'ya a ƙasa sanyi take bukata, musamman sanyin dare da na asuba. A ƙauye wannan sanyi kyauta ne kusan duk shekara. A Kaduna baƙo ne: ya zo a Nuwamba, kafin ƙarshen Fabrairu ya naɗe tabarmarsa. Shukar Janairu ta kai lokacin sa 'ya'ya daidai lokacin da baƙon ya tafi. Kun tuna yadda ta yi kyau? Kore shar, har gwiwa, masu wucewa zuwa matatar mai suna tsayawa da babur suna kallo. Da muka tona a Afrilu, saiwa muka samu da ƙasa.

A ranar ne Mama Vicky, yayata kuma ma'ajin ƙungiya, ta ɗaga wani kara sama ta ce, "To, 'yan boko, ga ganye nan mun noma, sai a kawo daddawa mu yi miya!" Kowa ya yi dariya. Wata ta ce takarda ba ta tsiro. Mama Vicky, ban kawo wannan don in kunyata ki ba. Ranki ne ya ɓaci, kuma kina da dalili, guminki yana cikin gonar nan. Na kawo shi ne domin ina tsaye kusa da ke a lokacin, 'yata tana gabana da fartanya a hannu tana kallon ƙasa, ni kuwa na gyara ɗankwalina na yi shiru. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa na taka, na tsaya a kai, na bari ana hango na 'yata.

Na gaya wa kaina cewa ba lallai ɗakin firiza ne ba. Wataƙila irin ne ba shi da kyau tun daga gida. Wataƙila ƙasar Rido ce. Wataƙila taki ne. Mai neman uzuri ba ya rasawa.

Magana ta huɗu, a kan yadda uzurina ya ƙare.

Wata rana da hantsi a watan Yuli ina sharar ɗakin Rhoda, littafin aikinta ya faɗo daga kan tebur. Da Hausa take rubuta shi, domin ta riƙa karanta wa mata a taro. Rhoda ba ta taɓa ɓoye mini takarda ba, domin tun tana ƙarama ta san ko ta buɗe a gabana, ƙofa ce a kulle. Ta manta cewa kowace Talata da Alhamis ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na Malama Patience. Na ɗauka zan mayar, sai idona ya faɗa kan kalmar da na fi sani a duniya, wato Mama. Na zauna a bakin gado na bi layin da yatsa. Na kwafo shi, bari in karanta muku:

"Iri ya tsufa fiye da kwanakinsa. Akwai tabo a idanu, an murje tsiro aƙalla sau biyu. Na ga ƙasar dankali da busasshen tsiro a bayan firiza. Ba zan faɗa wa kwamiti ba. Kada Mama ta san na sani, saboda hawan jininta."

Kwana biyu bayan dawowarta ta rubuta wannan. Ke nan ranar da kuka tambaye ta me ya sami iri, ta sani. Ranar da aka ɗaga kara ana dariya, ta sani. Ranar da aka karɓe makullin siton ƙungiya daga hannunta, ta sani. Kullum da safe ita ke miƙo mini maganina da ruwa. Mu kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gidana yarinya ce ta hango, ta kuma rufa wa babba asiri.

Da na ce muku daga nan na tashi na je na same ta, da na yi ƙarya. Tsoro ya hana ni, kunya ta hana ni. Har ma na so in kama littafin da kuskure. A cikinsa na ga yadda ake ƙirgen zafi, sai na je kasuwa na sayi ma'auni irin na ratayawa a bango, na sayi littafin rubutu. Da ƙanena ya aiko mana da dankalin Agusta na bana, na ware talatin daga gona ɗaya, tonon rana ɗaya. Goma na sa a baranda kan katako. Goma a ƙarƙashin gadona, yadda da yawa cikinmu muke yi. Goma a buhu a bayan firiza. Safe da rana ina dubawa ina rubutawa, har Baban Rhoda ya ce ko na zama nas ɗin dankali.

Ga abin da na samu. A baranda, rana ɗaya tana zuba kamar ashirin da biyu. A ƙarƙashin gado, ashirin da biyar. A bayan firiza, talatin da ɗaya. A ɗakin ciyawa na ƙauyenmu kuwa, bisa ga littafin Rhoda, kamar goma sha biyar ne. Ke nan kwana ɗaya a bayan firizata ya fi kwana biyu a gida. Mako bakwai da irin ƙungiya ya yi a can ya fi wata uku na ƙauye. Idan aka haɗa da kwanakin baranda, irin da muka shuka bara, wanda a kalanda bai cika wata uku ba, a jikinsa ya kusa wata biyar, ga duhu, ga murza sau biyu.

Gani ya kori ji. Ga uku na kawo a cikin kwano, Malama Patience za ta zagaya da su. Ku taɓa, kada ku ji ƙyama. Wannan mai koren jiki, mai tauri, da tsiro gajere kamar kan ashana, na baranda ne. Wannan mai farin tsiro tsawon yatsa, na ƙarƙashin gado ne. Masu ajiya a ƙarƙashin gado, ku dube shi da kyau. Wannan kuwa mai kama da fuskar kakata, kun san inda ya fito. Uwa ɗaya, gona ɗaya, rana ɗaya aka tono su.

Magana ta ƙarshe, roƙo ne, kuma shi ne ya sa ban iya jira har taron gaba ba.

Sabon irin bana, buhu shida, yana cikin siton ƙungiya yau mako uku. Rufin kwano ne, babu taga, buhunan a ɗaure. Jiya na roƙi shugaba ta ara mini makulli, na rataya ma'aunina a ciki, na duba da safe, na koma da rana. Ashirin da tara. Bambancinsa da bayan firizata biyu ne kacal. Na kwance buhu ɗaya, idanu sun fara buɗewa. Bai lalace ba tukuna; yanzu ne yake shiga ƙarfinsa. Amma na ji ana cewa idan ba a daidaita yau ba, a ɗage maganar zuwa taron Disamba, a kafa ƙaramin kwamiti ya duba. Iyayena, mu za mu iya jiran Disamba, kwamiti zai iya jiran Disamba, dankali ba zai jira ba. Muna zaune a nan muna magana, ana zuba masa zafi. Idan muka kai Disamba, iri zai tsufa a sito, sanyi kuma zai tsufa a gona, mu haɗa kuskuren Nuwamba da na Janairu a shekara ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ina roƙo a buɗe siton nan yau, kafin kowa ya tafi gida, a kwashe iri a baza a inuwa mai haske da iska. Baba Fasto ya ce rumfar da ke bayan ajin yara tana nan, an kewaye ta, akuya ba ta shiga. Ina roƙo a shuka kafin ashirin ga wata. Ina roƙo kuma a bar gonar a hannun wadda ta gaya mana gaskiya sau biyu muka ƙi ji: ta ce iri ya tsufa, ya kuwa tsufa, ta ce lokaci ya wuce, ya kuwa wuce. Idan dokar ƙungiya ta ce dole wani ya ɗauki hukuncin asarar bara, ga mai laifi a tsaye. A cire sunana daga rabon amfanin bana. Zan zo huɗa, zan zo ban ruwa, zan zo tono, ba zan ɗauki ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan daidai ne, kuma ba zan yi gunaguni ba.

Shugaba, ki ba ni izini in yi wa mutum ɗaya magana.

Rhoda, ɗago kanki. Ban gaya miki zan faɗi wannan ba, domin na san za ki hana ni. Na sha maganina da safe, kada ki damu. Shekara guda kina ɗauke da kayan da ba naki ba, ina kallo. Ki sauke shi yau, ki yafe mini. Kin san ba na son tafiyar nan, kin san idan kika tafi wayarki ba za ta huta ba. Amma na ga abin da tsorona yake yi wa abin da nake so in kare, ba zan yi miki haka ba. Ko an ba ki gonar, ko an hana ki, zama ko tafiya naki ne. Idan za ki tafi ranar Laraba, ni zan raka ki tasha. Abu ɗaya ne ba zan yarda da shi ba: ki bar garin nan da sunan da ba ki ci ba. Wannan na karɓe shi yau a gaban shaidu.

Ubangiji ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka shirya shi. Ya ba shugabanninmu hikima, ya ba 'yan kwamiti haƙuri da juna. Ya tsawaita mana sanyin bana, ya riƙe ruwan rafin Rido har mu tona. Ya kiyaye 'ya'yanmu, na kusa da na nesa, waɗanda suka zauna da waɗanda hanya ta kira. Ya sa albarka a kasuwar baƙinmu, ya zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya. Ya mai da kowa gidansa cikin salama, bayan mun biya ta sito.

Na gode.